Rajistar da Ta Ce Ban Yi Takaba Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne shaidata a kan abin da zan rubuta.

Ku ukun nan kun taso kuna jin wata magana a kaina a gidajen dangin babanku. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuwa san kunya ce ta hana ku. Maganar ita ce wai ban yi wa mahaifinku takaba ba. Wai ana gama sadakar bakwai na ɗauki kayan aikina na koma makarantar walda kamar ba a yi mutuwa ba. Yau sati biyu ke nan da aka binne Saratu, wadda kuke kira Maman Alheri. Muddin tana raye bakina a ɗaure yake. Yanzu ta tafi, ni ma ba yarinya ba ce, shi ya sa na ari littafin jikata na zauna. Ban yi nisa a boko ba, ku yi haƙuri da rubutun. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku yanke hukunci sai kun kai ƙarshe, domin ni da abin ya faru da ni har yau ban gama yankewa ba.

Babanku ne ya sa ni makarantar, wannan kun sani. Dalilin ne ba ku sani ba. Idonsa ya fara ba shi wahala, ga tari da ya ƙi jin magani. Shagonsa na bakin titi a Unguwar Shanu shi ne cinmu da shanmu. Ke babba, Bilki, kina da shekara tara, Zainab shida, kai kuma Abba kana goye. Wata rana ya dawo da takarda ya ce an buɗe wa mata aji a wata makarantar koyon sana'a ta wajen Mando, karo ɗaya tak, shekara guda, in an gama a ba da takardar shaida. Masu ba da aikin ƙofofi da tagogi sun fara tambayar takarda, shi kuwa a hannun ubangida ya koya, ba shi da ita. Na ɗauka wasa yake.

"Malam, ni da walda? Me mutane za su ce?"

"Za su faɗa su gaji," in ji shi. "Shago ba ya jiran yaro ya girma, Hauwa. Shekara nawa kina riƙe mini ƙarfe a tsakar gida? Hannunki ya fi na rabin waɗanda na yaye."

A lokacin ban gane shiri yake yi ba.

Ranar farko shugaban makarantar ya tara mu, maza da yawa, mu mata takwas a gefe, ya karanta mana dokoki. Kowa zai sa hannu a rajista a bakin ɗakin aiki kafin ƙarfe takwas. Wanda ya yi fashin kwana goma sha biyar a shekara, an cire sunansa, ba zai zauna jarrabawa ba. Mara lafiya ya kawo takardar asibiti. Wanda aka yi wa rasuwa yana da kwana uku. Kowace Juma'a ɗalibi zai liƙa guntayen ƙarfe biyu, bayan ya buga lambarsa da guduma a kusurwar ƙasa ta hagu, ya miƙa wa malami a ba shi maki. Doka ta ƙarshe ya karanta ta sau biyu: wanda ya sa wa wani hannu ko ya yi masa aiki, an kore su su biyun, ba roƙo. Sai wata doguwar mata a kusa da ni ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, haihuwa fa? Kwana nawa ne?"

Ya duba gaban takardar, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Ba a rubuta ba," in ji shi.

"To, mata, kun ji. Kowa ta gaya wa maigidanta a dakata sai baɗi."

Har shugaban sai da ya yi dariya. Wannan ita ce Saratu. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana zaune a Badarawa, mijinta ya rasa aiki tun da aka rufe masaƙa, 'ya'ya huɗu duk a wuyanta. Bahaguwa ce, da hagu take riƙe sandar walda. Benci ɗaya aka ba mu. Lambarta goma sha uku, tawa goma sha huɗu. Malaminmu na ɗakin aiki, Malam Bitrus, dattijo ne mara yawan magana, yakan ce shi ba ya duba fuska, layin walda yake dubawa, domin layi ba ya ƙarya. Mun yi wata bakwai haka. Ita ta koya mini lissafin awo, ni na koya mata yadda za ta hana sanda manne wa ƙarfe.

Sai babanku ya rasu, saura wata biyar mu gama.

Ba zan rubuta kwanakin nan ba. Inna, kakarku, ta zo daga Malumfashi. Baffanku Sule, yayan babanku, shi ya tsaya a kan komai. Kun san shi direban babbar mota ne a lokacin, sati uku yana hanya, kwana biyu yana gida a Mando. Ranar sadakar uku wani malami da ya zo gaisuwa ya ji batun makaranta, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura, ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma neman abin da za a ciyar da marayu larura ne. Wani malamin da ke zaune ya ce shiga cikin maza da tartsatsin wuta ba ya cikin larurar da ake nufi. Suka yi ta ja a zaure, ina jin su daga ɗaki, kaina ya ɗaure. Inna ba ta shiga gardamar ba. Ranar da za ta koma, bayan sadakar bakwai, ta riƙe hannuna.

"Hauwa, ni ban san karatu ba. Na yi wa ubansa wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Ɗana bai taɓa ɓata miki ba. Abin da nake roƙo ke nan."

"Na yi miki alkawari, Inna."

Ba tilasta mini aka yi ba, ku riƙe wannan. Ni ma abin da zuciyata ke so ke nan. Ba na son ganin titi.

Saratu ta zo a ranar. Na roƙe ta ta je ofis ta gaya musu halin da nake ciki, ko za a ɗaga mini ƙafa. Ranar Asabar ta dawo, ta zauna a bakin tabarma tana wasa da Abba.

"Me suka ce?"

"Maman Bilki, ki kwantar da hankalinki. An daidaita."

"An daidaita yaya?"

"Ke dai ki yi ta addu'arki. Ki bar mini boko, ni na san kansa."

Ban ƙara tambaya ba. A nan laifina na farko yake. Na ji dokar da kunnena, na san kwana uku aka ce, na san ba a rubuta takaba ba kamar yadda ba a rubuta haihuwa ba. To me aka daidaita? Wani lokaci nakan ce baƙin ciki ne ya toshe mini tunani. Wani lokaci kuma nakan ce na zargi wani abu, na ƙi dubawa. Ban san wanne ne gaskiya ba. Abin da na sani, daga baya na ji cewa akawun makaranta ya nuna mata dokar ya ce babu abin da za a yi, ita kuwa ba ta ma ambaci sunana ba, tambaya ta yi kamar don wata. Ta fito daga ofis, washegari ta sa hannu a layinta, ta sa a nawa.

Bayan arba'in ta sa aka ɗauko ƙaramin injin babanku daga shago aka ajiye a tsakar gida. Duk Asabar, in an kawo wuta, sai ta zo da guntayen ƙarfe da littafinta ta maimaita mini abin da aka koya a satin. Ke babba kina iya tunawa, ke kike riƙe Abba a ɗaki don kada ya kalli hasken. Ban taka ƙofar gida ba. Da safe ku 'yan matan biyu kuna makaranta, 'yan haya sun fita nema, daga ni sai jariri sai Iya mai gidan, wadda idonta ya riga ya tafi. Haka na ƙirga kwanakina har suka cika.

Saura kwana biyu in fita takaba Baffanku ya dawo daga tafiya. Wannan ma ina so ku sani, domin kun taso kuna ganin kamar shi ne mugun labarin. Kyakkyawar niyya ce ta kai shi makarantar. Da can bai so karatun ba, amma ya ce tunda burin ƙaninsa ne, zai je ya roƙi shugaba a yafe mini fashin. Ya sa babbar riga ya tafi. Ya yi bayani, shugaba ya tausaya, ya aika a kawo rajista don ya ga yawan kwanakin. Aka buɗe. Ban da satin rasuwar, lamba goma sha huɗu ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba. Ga maki na kowace Juma'a.

Bai shigo gidan ba sai ranar da na yi wankan fita. Na ɗauka barka ya zo yi mini. Ya tsaya a tsakar gida, ya dubi injin da ƙarafan da ke gefe.

"Sa mayafinki, Hauwa. Za mu je Mando."

"Lafiya, Yaya?"

"Can za ki gaya mini ko lafiya."

Fitata ta farko ke nan bayan wata huɗu da kwana goma. Hasken titi ya yi mini yawa. A cikin mota ina ta neman laifina ban samu ba.

A ofis muka tarar da shugaba, da Malam Bitrus a tsaye da wani kwali a hannu. An kira matan ajinmu, suna tsaye a baranda, ina hango Saratu ta taga, hannunta a kan bakinta. Shugaba ya juyo da rajistar gabana. Na ga sunana, layi bayan layi, shafi bayan shafi, da rubutu mai kama da nawa. Na daɗe ina kallo ban gane me nake gani ba. Har na fara tunanin ko na zo ɗin ne na manta, don a watannin nan akwai ranakun da ba na iya tuna ko na ci abinci. Sai Malam Bitrus ya zuba abin da ke cikin kwalin a kan tebur. Guntayen ƙarfe ne, kowanne da lamba goma sha huɗu. Na ɗauki ɗaya. Mai walda da dama yana jan sanda daga hagu zuwa dama, ƙwayoyin layin su kwanta ta wannan fuskar. Wannan layin daga dama ya taso. A nan na gane komai. Duk Juma'a Saratu aiki biyu take yi, nata da nawa.

"Malama Hauwa," in ji shugaba, "wannan bawan Allah ya ce kina gida wata huɗu. Littafina ya ce kina nan. Ni ba na shiga ɗakin aiki, kuma in kun sa garkuwar fuska duk ɗaya kuke a wurina. In ba ke ce kika sa hannun nan ba, wani ya sa, kuma kin san doka. Ke ce ko ba ke ce ba?"

Baffanku ya ce, "Faɗi gaskiya, Hauwa. In sharri aka yi miki, yau sai an fito da wanda ya yi."

Yana so in ce ba ni ba ce. Na gani a idonsa. In na faɗa, sunana ya wanku a wurin Inna. Saratu kuma ta tafi gida da 'ya'ya huɗu ba takarda, saura sati uku jarrabawa. Ni ma na tafi ba takarda, shagon babanku ya tafi. Malam Bitrus, wanda ya yi ta ba layin bahaguwa maki a kan lambata, shi ma ban san abin da zai same shi ba. Na dube shi. Yana kallon silin.

"Ni ce," na ce.

"Ke ce me?" in ji Baffanku.

"Ni ce na sa hannu, Yaya."

Shugaba ya tambayi Malam Bitrus ko aikina ne. Ya ɗauki guntu ɗaya ya jujjuya shi, ya ce, "Lambarta ce a jiki, ranka ya daɗe." Aka rufe littafi. Baffanku ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ashe ni kaɗai ne mahaukaci, na sa babbar riga na zo roƙo. Allah Ya jiƙan ƙanena."

Ni kaɗai na hau mota na koma gida.

Da yamma Saratu ta zo tana kuka, ta durƙusa a tsakar gida. A wurinsu makoki ba haka yake ba, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa sa hannu a littafi zai zama shaida a kan mutuncina ba. Ita dai ta ga suna zai fita daga rajista, ta tare shi.

"Gobe zan je in faɗa. Su kore ni, Maman Bilki, ni na jawo."

"In kin faɗa, ƙaryar da na yi ta tashi a banza. Ki rantse mini ba za ki faɗa ba."

"Ke fa?"

"Ni ma na rantse."

Ta share hawaye, ta ce, "Amma dai kin ga makin da na samo miki? Ya fi nawa. Naki nake fara yi tun hannu bai gaji ba."

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar babanku, sannan na yi kukan da ban yi a ofis ba.

Jarrabawar da hannuna na yi ta, a gaban masu dubawa da aka turo daga waje, kuma na ci. Wannan takardar da ke rataye a shago ba ta sata ba ce, ko da yake ƙofar da na bi na isa gare ta ba tawa ba ce. Da ita na samu aikin tagogi na farko, da ita kuka yi karatu. Saratu ta samu aiki a wani ɗakin gyara na gwamnati da tata takardar, ta yi shekaru har ta yi ritaya. Shi ya sa ban iya gaya wa Baffanku ko a ɓoye ba. Kun san shi, ba ya kwana da magana. Da ya ji, da ya koma makarantar don ya wanke ni, a karɓe takardun duka biyu.

Da sallah na kai ku Malumfashi. Inna ta karɓe ku, ta ba ku fura, ni ta amsa gaisuwata tana kallon bango. Da kuka fita wasa na matsa kusa da ita.

"Inna, wallahi ban fita ba. Ko sau ɗaya."

"Sule ya ce da bakinki kika ce ke ce."

"Na faɗa. Amma ban fita ba."

"To wa ya rubuta?"

Na tuna rantsuwar da muka yi da Saratu. Inna ta ci gaba.

"Hauwa, ɗaya ne cikin biyu. Ko kin yi ƙarya a can, ko kina yi a nan. Ni tsohuwa ce, wanne zan ɗauka?"

Shekara uku bayan haka ta rasu, ba mu sake tada maganar ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ya fi duk surutun da aka yi ta yi a bikin dangi nauyi.

Na sha tambayar kaina don wa na ce "ni ce". In na ce don Saratu, na yi wa kaina ado, domin shagon yana cikin raina a lokacin, ku ma kuna ciki. In na ce don ku, to me ya sa fuskarta ta taga ce kawai nake tunawa? Sannan ga abin da ya fi ɗaure mini kai: da na bi maganar malamin farko na riƙa zuwa da rana, da ban yi ƙarya ba, Saratu ba ta karya doka ba, sai dai in saɓa wa Inna a fili. Na zauna don in cika alkawari, na ƙare da sunan wadda ta karya shi. Dokar makarantar ma ban iya zaginta ba. Wanda bai riƙe sanda ba bai kamata a ba shi takarda ya je ya liƙa ƙofar da za ta faɗo a kan 'ya'yan mutane ba. Waɗanda suka rubuta ta dai ba su taɓa zaton mace za ta shigo ba, balle mijinta ya mutu. Na yi istigfari a kan ƙaryar, ina kan yi. Ban taɓa iya yin nadamarta yadda ake so mai tuba ya yi ba, wannan ma na bar wa Allah.

Da aka gama shekara makaranta ta mayar wa kowa guntayensa. Nawa na watannin nan Saratu ta karɓe, ta ce aikinta ne. Ban san ta ajiye su ba sai shekaranjiya, da 'yarta Alheri ta kawo mini su a cikin tsohon gwangwanin madara. Ta ce uwarta ta bar saƙo a asibiti: a kai wa Maman Bilki, a ce mata rantsuwa ta ƙare.

Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona. Ke babba, ki kai wa Baffanku wannan rubutu a Mando, ki karanta masa a hankali, kunnensa ya yi nauyi. Kada ki ce masa ya ba ni haƙuri, bai yi mini laifi ba, abin da na gaya masa ya ɗauka. Kai kuma Abba ka bi ta, ka tafi da guntu ɗaya. Kai kaɗai ne shaidar da nake da ita a watannin nan, kana bayana, ba ka san komai ba. Yanzu shagon yana hannunka, ka san layi. Ka riƙe ƙarfen, lambar tana ƙasa ta hagu, ka duba ta inda sanda ta taso, sannan ka gaya wa Baffanka ko ka taɓa ganin uwarka ta yi walda da hagu.